Fleetwood Mac: wai rikici ne ya sa waƙarsu daɗi?

Ƙanena, ka tambaya su waye Fleetwood Mac, ka ce ka ji waƙarsu Dreams a TikTok ta shiga ranka, sai ka ga mutane suna ta cewa ai 'yan ƙungiyar mata da miji ne da saurayi da budurwa da suka rabu suka koma yi wa juna habaici a waƙa, kuma wai rikicin nan shine sirrin daɗin waƙoƙin nasu, shine kake son ka san ko haka ne. To gyara zama don amsar tana da tsawo. Ni aikin haɗa sauti nake yi a situdiyo yau sama da shekara ashirin, kuma faifansu Rumours yana cikin abubuwan da na buɗe kunne da su tun zamanin kaset, don haka ba daga nesa nake hango maganar ba.

Rabin abun da ka ji gaskiya ne. An yi rabuwar, an yi habaicin, har abun da ya fi haka ma an yi. Amma cewar da ake wai rikici ne ya haifi daɗin, wallahi ban yarda da ita ba kuma tana min ciwo, saboda masu faɗin haka daga 1975 suke fara lissafin ƙungiyar, sun manta akwai shekara takwas kafin nan, kuma a cikin shekarun ne ƙungiyar ta rasa makaɗan jita uku ɗaya bayan ɗaya, biyu daga ciki ba su sake komawa daidai ba har suka koma ga Allah.

A Landan aka kafa ta a 1967, kuma wanda ya kafa ta sunansa Peter Green, yaro ne ɗan shekara 20 daga unguwar talakawa ta gabashin Landan, ɗan gidan Yahudawa, asalin sunan gidansu Greenbaum. Kafin nan yana kaɗa jita a ƙungiyar John Mayall, inda ya gaji kujerar Eric Clapton, kuma in ka san yadda samarin Ingila suka ɗauki Clapton a lokacin zaka gane ba ƙaramin nauyi aka ɗora wa yaron ba, amma ya ɗauka. A can ya yi kiɗa tare da mai ganga Mick Fleetwood da mai jitar bas John McVie. Da ya tashi kafa tasa ƙungiyar sai ya yi abun da har yau yake bani mamaki. Kaga mu a nan sunan mawaƙi ake sani, Shata ake cewa, mai kalangu da 'yan amshi suna baya. Shi Peter Green shine mai murya, shine mai jita, shine mai rubuta waƙa, amma ya ƙi sa sunansa, ya haɗa sunan mai ganga da na mai bas ya ce Fleetwood Mac. Kuma a lokacin John McVie ma bai yarda ya shigo ba, yana tsoron barin albashinsa na wurin Mayall, sai da suka yi wasansu na farko ranar 13 ga Agusta 1967 a bikin Windsor da wani mai bas na aro, bayan 'yan makonni sannan ya biyo su. Wannan suna shine ya riƙe ƙungiyar shekara hamsin da ɗoriya, domin duk wanda ya tsaya a gaba ya tafi, mutum biyun nan na baya suna nan.

Kiɗan buluz suka fara da shi, irin na baƙaƙen Amurka, har a Janairun 1969 suka je situdiyon Chess a Chicago suka yi ɗauka da su Willie Dixon da Otis Spann da Buddy Guy, wato suka je gidan masu abun da kansu. Faifansu na farko na 1968 ya kai na 4 a Ingila. Black Magic Woman da duniya ta sani a bakin Santana, Peter Green ne ya rubuta ta a 1968, Santana a 1970 ya ɗauka. Sai Albatross wadda ta kai na ɗaya a Ingila a farkon 1969, kuma ba murya a cikinta ko ɗaya, jita ce kawai a hankali da ganga ana taɓa ta da sanda mai laushin kai kamar igiyar ruwa tana zuwa tana komawa. Dan Allah ka sa abun kunne ka saurare ta da dare. Yawancin masu jita na zamanin gudu suke nunawa, shi kuma sai ya ja sauti ɗaya ya riƙe shi ya bar shi yana rawa a iska har sai ya kusa mutuwa sannan ya ƙara wani, ni da nake zaune gaban na'ura kullum na san babu abun da ya fi wahalar koya wa yaro irin ya yi shiru a inda ya kamata, shi wannan da shi aka haife shi.

A 1969 ya fitar da Man of the World, ta kai na 2, mutane suna ta saye suna jin daɗi, alhali a cikin waƙar mutumin yana faɗi ƙarara cewa ya samu duk abun da ake nema a duniya amma da ma ba a haife shi ba. Saurayi ɗan shekara 22. Mick Fleetwood da kansa ya sha faɗa daga baya cewa ba su gane halin da abokinsu yake ciki ba. Ya fara shan ƙwayar LSD, ya fara sa doguwar riga da kuros a wuya, ya dage sai ƙungiyar ta rabar da kuɗin da take samu sadaka, sauran suka ce a'a. A Maris 1970 suna rangadi a Jamus wasu mutane suka ɗauke shi daga Munich zuwa wani gida da suke zaman tare, aka sha ƙwaya a can, kuma abokan tafiyarsa sun ce daga wannan dare bai dawo yadda suka san shi ba. A ganina ciwon yana tafe tun kafin nan, ƙwayar ta zo ta tura shi rami ne. A watan Mayu 1970 ya bar ƙungiyar da ya kafa da hannunsa. Likitoci suka ce ciwon rabuwar hankali ne, irin wanda mutum ke jin muryoyi, aka yi ta kwantar da shi asibitin ƙwaƙwalwa ana masa maganin jona lantarki, a 1977 aka kama shi saboda ya yi wa akantansa barazana da bindiga, kotu ta tura shi asibiti. Shekaru masu yawa ya yi yana yawo da zaƙo zaƙon farce wanda ko jita ba zai iya riƙewa da su ba.

Na biyu Jeremy Spencer, shi ma mai jita ne a ƙungiyar. A Fabrairu 1971 suna Los Angeles za su yi wasa, ya ce bari ya fita ya sayo abun karatu ya dawo. Bai dawo ba. Aka yi kwanaki ana nemansa hankali a tashe, aka same shi an aske masa kai ya shiga wata ƙungiyar addini mai suna Children of God, ya ce shi ya gama da su. Dole suka roƙi Peter Green ya zo ya ƙarasa musu rangadin, ya zo ya yi, ya sake tafiya.

Na ukun shine wanda ya fi tsaya min a rai, Danny Kirwan. Yana ɗan shekara 18 Peter Green ya kawo shi a 1968, yaro mai kunya mai kunne, wanda in ya ji tsirkiyar jita ta ɗan kauce sai duk jikinsa ya ɗau rawa. Da manyan suka watse sai nauyin rubuta waƙa ya faɗo kansa, kuma ya yi ƙoƙari, ka nemi faifan Future Games na 1971 da Bare Trees na 1972 ka ji, a nan ne sautin nan mai laushi da aka san ƙungiyar da shi daga baya ya fara tsiro. Amma yaron yana shan giya ba ya cin abinci, ba ya shiri da kowa. A Agusta 1972 ana dab da hawa dandamali a Amurka gardama ta haɗa shi da ɗayan mai jitar ƙungiyar Bob Welch a kan saita tsirkiya, ya shiga ya buga kansa da bango har jini, ya farfasa jitarsa, ya ƙi hawa. Mick ne ya sallame shi. Yana da shekara 22. Daga baya ya yi shekaru ba shi da gidan kansa a Landan, yana kwana a masaukin marasa galihu, ya rasu a Yuni 2018. To ka faɗa min wace waƙa mai daɗi wannan rikicin ya haifar? Babu. Waƙoƙin da zai yi ne ya hana shi yi.

A tsakanin nan Christine, matar John McVie, ta shigo a 1970, mai fiyano ce kuma mawaƙiya da ta riga ta yi suna a ƙungiyar Chicken Shack, kuma ni a wurina ita ce ginshiƙin gidan da ba a cika yabawa ba. Bob Welch Ba'amurke ya shigo a 1971. A 1973 suna rangadi Mick ya gano sabon mai jitarsu Bob Weston yana neman matarsa Jenny Boyd, aka kori Weston, aka soke sauran wasannin. Nan manajansu Clifford Davis ya yi abun da ba a taɓa gani ba, ya ce sunan nasa ne, ya tara wasu makaɗa daban ya tura su Amurka a farkon 1974 a matsayin Fleetwood Mac, ba Fleetwood ba Mac a ciki. Mutane suka sayi tikiti suka zo suka ga baƙin fuska. Aka shiga kotu, na gaskiyan suka yi watanni ba aiki suna neman a bar musu sunan da iyayensu suka raɗa musu, daga nan suka tattara suka koma Kalifoniya da zama, Mick ya karɓi aikin manaja da kansa. Ƙarshen 1974 Bob Welch ya gaji ya ajiye.

Yanzu ne muka zo inda 'yan TikTok suke farawa. Mick ya je duba wani situdiyo mai suna Sound City, injiniyan wurin Keith Olsen ya kunna masa wata waƙa don ya ji yadda ɗakin yake fitar da sauti, waƙar wasu saurayi da budurwa ce da faifansu bai yi kasuwa ba, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks. Mick mai jitar kawai yake so. Lindsey ya ce in ba da budurwata ba ba ni zuwa. Ita Stevie a lokacin aikin kai abinci take a gidan cin abinci tana kuma sharar gidaje don su biya haya. A jajibirin sabuwar shekarar 1975 suka shiga. Faifan da suka yi a 1975 bai tashi lokaci ɗaya ba, sai da suka yi sama da shekara suna bin gari gari suna wasa kafin ya kai na ɗaya a Amurka a Satumba 1976, a cikinsa Rhiannon da Landslide suke.

Sai Rumours. A Fabrairu 1976 suka shiga situdiyon Record Plant a garin Sausalito kusa da San Francisco, ɗaki ne na katako ba taga. Auren John da Christine na shekara takwas ya mutu saboda shan John, ba sa magana sai ta aiki. Lindsey da Stevie suna rabuwa ana ihu. Auren Mick ma yana rushewa. Hodar iblis kamar garin tuwo. Christine ta rubuta You Make Loving Fun a kan sabon masoyinta wanda shine mai kula da fitilun ƙungiyar, kuma tsohon mijinta ne zai kaɗa bas a kai. Lindsey ya rubuta Go Your Own Way ya sa baiti a ciki da ke nuna Stevie zaman dadiro kawai take so da maza, ta roƙe shi ya cire ya ƙi, kuma dole ta tsaya kusa da shi tana masa amshi shekara da shekaru. Dreams da ka ji ita ce tata amsar, a wani ɗaki na situdiyon da aka gyara wa mawaƙi Sly Stone ta shige ita kaɗai da ƙaramin fiyano ta rubuta cikin kamar minti goma. Duk wannan gaskiya ne.

Amma bari in gaya maka abun da ya sa faifan ya yi daɗi a kunnen mai sana'a. Ita Dreams kusan a kan sauti biyu take zagaye daga farko har ƙarshe, da Christine ta fara jinta ma cewa ta yi ba ta da armashi. Lindsey, mutumin da aka yi waƙar don a soke shi, shine ya zauna ya tsara ta yadda sautin biyun nan za su fito kamar sassa uku daban daban, ya sa jitar tana shigowa kamar numfashi. Gangar da kake ji injiniya Ken Caillat ne ya yanko ɗan guntun kiɗan Mick ya haɗa bakin tef ɗin da bakinsa yana zagayawa, a zamanin da ba kwamfuta, da reza da salatif. The Chain ba waƙa ɗaya bace aka zauna aka rera, guntaye ne daga waƙoƙi daban aka yanka aka ɗinke, bas ɗin John na ƙarshe daga wata waƙar Christine da aka yar aka ɗauko shi, shi ya sa ita kaɗai ce a faifan take ɗauke da sunan su biyar duka. A Never Going Back Again an yi ta canza wa Lindsey tsirkiyar jita kusan duk minti ashirin don sautin ya fito da ƙyalli. Songbird kuma ba a situdiyo aka ɗauke ta ba, babban zauren taro na jami'a a Berkeley aka karɓa ba kowa a ciki, Christine ita kaɗai da fiyano har tsakar dare, in ka saurara da kyau zaka ji faɗin ɗakin a bayan muryarta.

Kuma ga wanda ni ya fi taɓa ni saboda na taɓa kama tef da hannuna. Sun yi ta maimaita ɗauka a kan tef ɗaya wata da watanni har garin jikin tef ɗin ya fara gogewa a kan na'ura, ƙarar ganga ta dushe kamar an rufa mata bargo. Allah ya taimaka akwai kwafin ajiya na gangunan da aka yi tun farko. Sai aka kunna na'ura biyu tare, wani injiniya ya sa abun kunne, tsohon tef a kunne ɗaya sabo a ɗayan, yana murɗa saurin na'urar da hannu don su tafi daidai, awa da awanni. Wannan fa shine Rumours. Haƙuri ne da kunne da kusan shekara guda ta aiki. Na sha ganin yara a situdiyo sun zo cikin ɓacin ran soyayya ko a buge suna ganin yau za su yi waƙar da za ta girgiza gari, abun da muke samu a ƙarshe shine murya ta shaƙe da awa shida da aka biya kuɗinsu a banza. Ɓacin rai zai iya ba ka abun faɗa, wannan ban musa ba, amma kowa a duniya an taɓa ɓata masa rai kuma ba kowa ya yi Rumours ba. Su sun yi shi ne duk da rikicin, saboda akwai marubuta waƙa uku na gaske a ɗaki ɗaya da mai ganga da mai bas da suka shekara tara suna kaɗawa tare.

Ya fito ranar 4 ga Fabrairu 1977, ya yi mako 31 a saman jadawalin Billboard, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1978, an sayar da sama da kwafi miliyan 40. Dreams ita kaɗai ce waƙarsu da ta taɓa kaiwa na ɗaya a Amurka.

Kuɗi ya zo, kuma bai gyara komai ba. Mick da Stevie suka yi tasu soyayyar a ɓoye a 1977, ta watse. Faifan Tusk na 1979 ya ci sama da dala miliyan ɗaya, Lindsey ya ƙi yarda a maimaita Rumours, yana ɗaukar wasu waƙoƙin a gidansa har a banɗaki yana buga kwali a madadin ganga, aka ɗauko makaɗan fareti na jami'ar Kudancin Kalifoniya aka ɗauke su a filin wasa na Dodger. Ya sayar da kamar miliyan 4, wanda ga wani babbar nasara ce, amma kamfani ya ɗauka faɗuwa ce, sauran suka ɗora wa Lindsey laifi, kuma bai taɓa yafe wannan ba. Ni Tusk ina ganin girmansa sosai, mutumin ya yi gaskiya da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. A farkon 1981 Mick ya zo Gana ya ɗauki faifansa The Visitor a Akra tare da makaɗan ƙasar, sai dai kuɗin da ya kashe bai dawo ba, ga gidaje da ya yi ta saye ga hoda, a 1984 mutumin da sunansa ke jikin faifan da ya sayar da miliyoyi ya je kotu ya ce ya karye ba zai iya biyan bashi ba.

Stevie hoda ta huda mata cikin hanci, likita ya gargaɗe ta cewa tana wasa da ranta, ta shiga cibiyar Betty Ford ta raba mutane da shaye shaye a 1986. Da ta fito wani likitan ya ɗora ta a kan maganin kwantar da hankali Klonopin, ta yi shekara takwas a kansa, kuma ita da bakinta ta ce ya fi hodar cutar da ita don ya kashe mata zuciyar rubutu, sai da ta yi kwana 47 a asibiti kafin ta rabu da shi. Faifan Tango in the Night na 1987 kusan Lindsey ne ya haɗa shi a gidansa saboda sauran ba sa cikin hayyacinsu, da aka gama ya ce ba zai je rangadi ba, aka yi zama a gidan Christine a watan Agusta, magana ta kai shi da Stevie ga kokawa har waje, ya tafi.

Sauran zan bi da sauri. Bill Clinton ya yi kamfen da waƙar Christine Don't Stop, ya sa su biyar suka haɗu a bikin rantsar da shi a Janairu 1993 dare ɗaya. Faifan Time na 1995 ba Lindsey ba Stevie ko cikin 200 na Billboard bai shiga ba. A 1997 suka dawo da The Dance ya kai na ɗaya. A nan akwai abun da nake so ka kalla da idonka, Silver Springs. Waƙar Stevie ce da aka cire daga Rumours saboda faifan garmaho ba zai ɗauki tsawon ba, aka jefa ta bayan ƙaramin faifan Go Your Own Way, abun ya yi shekara ashirin yana cinta. A wasan 1997 in an zo ƙarshen waƙar sai ta juyo gaba ɗaya ta bar 'yan kallo ta kafe Lindsey da ido tana rera masa cewa muryarta ba za ta taɓa barinsa ba, shi ma yana kallonta yana kaɗawa bai sunkuyar da kai ba. Mutane suna yanka wurin nan suna yaɗawa kamar fim ɗin soyayya. Ni in na kalla tausayi nake ji, mutum biyu sun kusa hamsin kuma abincinsu ya dogara ga su riƙa tono ciwon da suka ji tun suna 'yan ashirin da wani abu, kowane dare, a gaban dubban mutane.

A 1998 aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll, aka sa sunan Green da Spencer da Kirwan, amma aka bar Bob Welch wanda ya riƙe su a shekarun da ba kowa, ya taɓa kai su kotu a 1994 a kan kuɗin waƙoƙinsa. Wannan rashin adalci ne ƙarara. A 2012 ya kashe kansa a Nashville bayan fama da rashin lafiya. Christine ta ajiye a 1998, tsoron jirgin sama da gajiya suka sa ta koma ƙauye a Ingila shekara 16, ta dawo a 2014. A 2018 aka kori Lindsey, shi ya ce Stevie ce ta ba su zaɓi ko ita ko shi, su kuma suka ce saɓani ne a kan lokacin rangadi, ya kai ƙara a Oktoba aka sasanta a Disamba, bayan wata biyu aka yi masa aikin zuciya wanda ya taɓa masa maƙogwaro. Christine ta rasu ranar 30 ga Nuwamba 2022 tana da shekara 79, kuma Stevie ta ce tunda babu Christine babu sauran Fleetwood Mac.

Shi kuwa Peter Green Allah ya ba shi ɗan sauƙi a ƙarshe. A shekarun 1990 wasu abokai suka taimaka masa ya yanke farcen ya koma riƙe jita, ya yi wasanni da wata ƙaramar ƙungiya, hannun bai koma kamar da ba amma sautin nan mai sanyi yana leƙowa jefi jefi. A daren girmamawar 1998 ya hau dandamali, sai dai ba da Fleetwood Mac ya yi kiɗa ba, da Santana ya tsaya suka kaɗa Black Magic Woman, waƙarsa. Jitarsa ta Les Paul ƙirar 1959 da ya sayar wa makaɗin jita Gary Moore da arha lokacin da yake rabuwa da komai nasa, yanzu tana hannun Kirk Hammett na Metallica, ana ce mata Greeny. A Fabrairu 2020 Mick ya tara manyan makaɗa a zauren Palladium na Landan don girmama shi, shi bai je ba, yana gidansa a tsibirin Canvey. Ya rasu ranar 25 ga Yuli 2020 yana da shekara 73. Bidiyon nan da ya dawo da Dreams duniya, na bawan Allahn nan a jihar Idaho da motarsa ta lalace ya hau allon taya yana shan lemo yana bin waƙar, a ƙarshen Satumban 2020 aka ɗora shi, wata biyu bayan rasuwar Peter Green.

Don haka in ka gama da Dreams, ƙanena, kafin ka tafi Go Your Own Way, ka koma baya ka sa Albatross, ka bi ta da Man of the World, sannan ka sa Bare Trees tun daga farko ka ji abun da Danny Kirwan yake iya yi yana ɗan shekara 21.